A Sauke, In Ji Baba Modu

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya ranar da na isa garin da jami'armu take, a arewacin Malesiya. Bas ta ajiye ni a tasha da akwati ɗaya da wata jaka da matata Hauwa ta cusa wa yaji da kuka da daddawa da riɗi, sai ka ce ƙasar da za ni ba a girki. A aljihuna akwai lambar wani Tanko, ɗan ƙasarmu da muka haɗu a intanet, wanda ya ce min shi ne uban 'yan Nijeriya a garin. Tun ina garin Lafiya na tura masa kuɗin ɗaki, shi kuma ya turo min hoton ɗakin: gado, teburin karatu, har da labule mai furanni. Na kira shi daga tashar, ya ce, "Ga ni nan zuwa, ɗan'uwa, kar ka motsa." Ban motsa ba har la'asar. Daga nan wayarsa ta mutu. Na ɗauki tasi zuwa adireshin da ya ba ni, na tarar shagon faci ne.

Wani tsoho mai kula da masallacin da ke bayan jami'a ne ya tsince ni. Ya gan ni a baranda bayan sallar magariba, jiƙe sharkaf, ina zaune a kan akwati. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin yarensa, sallama ce kawai ta haɗa mu. Ya buɗe min wani ɗan ɗaki da ake ajiye tabarmi, na kwana huɗu a ciki kafin a ba ni gado a makaranta. Kullum da safe matarsa kan aiko da shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba, an dafa ta da kwakwa, zaƙi-zaƙi. A rana ta uku na barbaɗa mata yajin Hauwa, na miƙa masa ya ɗanɗana. Ya yi tari har hularsa ta faɗi, yana share hawaye yana dariya, sannan ya miƙo hannu a ƙara masa. Har yau ban san cikakken sunansa ba, amma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Lissafi na karanta, na shekara shida ina koyarwa a wata sakandare a Lafiya kafin in sami tallafin yin digiri na biyu. Sharaɗin tallafin a fili yake: a ƙarshen shekarar farko za ka tsaya gaban kwamiti ka nuna abin da ka yi. In sun gamsu, ka ci gaba. In ba su gamsu ba, tallafi ya tsaya, biza ta bi shi, ka tattara ka koma gida. Ni kuwa na ajiye aikin koyarwa, na bar Hauwa da ciki wata biyar, an kuma yi min rakiya a unguwarmu irin wadda ba a yi wa mai dawowa hannu rabbana.

Malamar da aka haɗa ni da ita sunanta Dakta Nuraini, 'yar ƙaramar mace mai saurin tafiya, wadda in tana maka magana sai ta zuba maka ido ƙur. Ni kuma kallon ƙasa na iya. Ranar farko ta tambaye ni garinmu da iyalina, sannan ta ce, "Mahaifinka wace sana'a yake yi?"

"Harkar sufuri yake yi, Dakta," na ce.

Ba ƙarya ba ce zalla, amma ba gaskiya ba ce. Mahaifina, Baba Modu, ɗan lodi ne a kasuwar doya ta Doma. Ya fi shekara talatin yana jera doya a bayan manyan motoci. Lokacin ina makaranta, duk hutu sai ya tafi da ni, kuma babu abin da na tsana a duniya kamar kalma biyu daga bakinsa. Za a yi awa uku ana miƙa doya, mota ta kusa cika, ga saura a ƙasa sun rasa wuri. Kowa zai ce a ɗan danna, a ɗan cusa. Baba sai ya tsaya, ya dubi motar, ya ce, "A sauke." A kwashe aikin da aka sha wahala a kansa a sake. A ganina a lokacin, mugunta ce kawai da taurin kai. Na rantse boko zai raba ni da wannan wahala, kuma duk takardar da aka ce in rubuta sana'ar uba, ɗan kasuwa nake rubutawa.

Sai ga aikin da Dakta ta ɗora min. An ba ka kwalaye ɗaruruwa, kowanne da tsawonsa da faɗinsa da nauyinsa, an ce ka rubuta wa kwamfuta dabarar da za ta shirya su a cikin kwantena mafi ƙaranci. Wanda bai sani ba zai ce ai sai kwamfuta ta gwada duk hanyoyin ta zaɓi mafi kyau. Hanyoyin sun yi yawan da kwamfutar za ta mutu jikokinta su mutu ba a ci rabi ba. Saboda haka masu wannan ilimi sun haƙura da neman amsar da babu irinta. Sai su fara da shiri ko wane iri ne, su riƙa ɗan taɓa shi: a ɗauke kwali daga nan a kai can, a musanya wannan da wancan. In shirin ya fi na da, a riƙe shi, a sake taɓawa. Binciken maƙwabta suke ce masa, domin kullum shirin da ke kusa da naka kake leƙawa.

Matsalar ita ce, ana nan ana gyarawa sai a kai inda duk abin da ka taɓa ɓaci yake yi. Ba wai ka kai mafi kyau ba ne, ka maƙale ne. Ka hau kan ɗan tudu, duk inda ka sa ƙafa gangara ce, alhali ga babban dutse can gaba, kuma ba ka isa gare shi sai ka yarda ka sauka. Duk dabarun da muke karantawa a kan wannan suke. Wata ta ce ka riƙa karɓar shiri mafi muni jefi-jefi, da yawa a farko, kaɗan daga baya, yadda maƙeri ke barin ƙarfe ya huce a hankali. Wata ta ce ka riƙe jerin motsin da ka yi kwanan nan ka haramta wa kanka maimaita su, don kar ka yi ta zagaye wuri ɗaya. Na karanta duka, na haddace, in da jarrabawa aka ba ni da na cinye. Ko sau ɗaya ban tuna da kasuwar Doma ba. Na gina katanga tsakanin aikina da na Baba, ban kuma yarda in leƙa ba.

Akwai wani jerin kwalaye da masu bincike ke gwada ƙarfinsu a kai. Waɗanda suka riga ni sun shirya shi a kwantena arba'in da ɗaya. Tawa dabarar ta sauko da gudu daga hamsin da wani abu, ta zo arba'in da uku ta ƙame. A wata na uku ke nan. Na san maganar karɓar mafi muni, na ma rubuta ta a cikin aikin, amma zuciyata ba ta karɓa ba. In ina kallon allo na ga lamba ta hau arba'in da huɗu, ta hau da biyar, sai in tsayar da komai. In rage zafin, wato yawan karɓar mafi muni, har ya zama kamar babu, in sake kunnawa, in sami arba'in da ukuna, in goge sauran kar wani ya gani.

Kowace Litinin muna zama da Dakta. Takan ce, "Ilyas, yaya aiki?" Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Lafiya lau, Dakta, ana ci gaba." A wajenmu ai haka ake amsa wa babba. Ba a tarar malami da ƙorafi, ba a kai masa ɓataccen aiki. Ko gidanka ne ke ci da wuta, in an gaishe ka lafiya lau za ka fara cewa. Ita kuwa ba gaisuwa take yi ba, tambaya take yi, kuma abin da na faɗa shi take rubutawa a littafinta. Tana da ɗalibai tara, wanda ya ce yana cikin matsala shi take bi. Ni ta ɗauke ni a matsayin wanda ya fi kowa kama hanya.

Ranar Juma'a kuma nakan kira gida. Hirarmu da Baba ba ta wuce minti uku.

"Baba, yaya aiki? Yaya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Yaya karatun?"

"Lafiya lau, Baba."

"To madalla. A dage."

A cikin waɗannan watanni Hauwa ta haihu, aka sa wa yarinya Falmata, sunan kakata. A waya na ga sunan, ina zaune a bakin gado ina cin biredi. Kewa ta fi kama ni a wajen abinci. Wata rana na je babban birni sabunta takarda, na shiga wani shagon 'yan Afirka, na ga doya guda uku a kwando, duk sun yanƙwane. Na ɗauki ɗaya na shinshina. Ƙanshin ƙasar jikinta ne ya karya ni. Ban saya ba, na fito, na yi kuka a jirgin ƙasa kamar ba magidanci ba, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta miƙo min lemo.

Tanko ma ya sake ɓullowa. Na gan shi a masallacin Juma'a, ya yi ƙiba, ya rungume ni kamar tare muka tashi. Maganar ɗaki, wai mai gidan ne ya ci amanarsa. Da ya ji halin da nake ciki, domin shi kaɗai na ɗan gutsura wa, sai ya ja ni gefe. "Wannan ai ba matsala ba ce, ɗan'uwa. Akwai wanda zai haɗa maka sakamako tsaf, lambar da kake so ita za ta fito. Wa zai bincika?" Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya sa na ƙi. Gaskiya, labulen nan mai furanni ma ya taimaka.

A wata na goma asiri ya tonu. Dakta ta shigo ɗakin bincike ba sanarwa, ta ja kujera kusa da ni, ta ce in buɗe mata duk gwaje-gwajen da na yi. Na buɗe. Arba'in da uku, arba'in da uku, arba'in da uku, daga sama har ƙasa, wata bakwai. Ta daɗe tana kallo.

"Ina waɗanda suka lalace?" ta ce.

"Na goge su, Dakta."

"Don me?"

"Ba su yi kyau ba. Bai dace in kawo miki su ba."

"Ilyas, dube ni." Da ƙyar na ɗaga kai. "Kowane mako na tambaye ka, ka ce lafiya lau. Me kake nufi?"

Na yi mata bayani yadda na iya, cewa a garinmu ladabi ne. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta cire tabarau ta murza ido. "Mu ma muna da irin wannan ladabin," ta ce. "Amma a ɗakin nan ni likita ce. In mara lafiya ya ce min lafiya lau, sallamarsa zan yi. Saura mako shida kwamiti ya zauna, kuma da abin da ke nan ba zan iya tsaya maka ba. Daga yau munanan lambobi nake so. Kowace Litinin ka fara min da mafi muni."

Na fita na zauna a matakala. Abin da nake gani kawai shi ne kaina ina sauka daga keke napep a ƙofar gidanmu da akwatin nan, maƙwabta suna fitowa yi wa mai digiri barka.

Haidar, wani ɗan Iraƙi da teburinsa ke kusa da nawa, shi ya biyo ni da shayi. Bai tambaye ni komai ba, ya riga ya ji. Ya ce babbar kwamfutar ɗakin tasa ce daga azahar zuwa la'asar, ya bar min lokacin har kwamiti ya wuce. Nasa aikin ya ja baya saboda ni, bai taɓa ambata ba.

Mako biyu na yi ina kai wa Dakta munanan lambobi. Na ƙara zafi, lamba ta hau arba'in da bakwai ta yi ta yawo ba ta dawo ba. Ta duba ta ce motsina ne suka yi ƙanana, ɗauke kwali ɗaya ba zai fitar da ni daga ramin ba. Ta tuna min da wata takarda da ta ba ni tun wata na biyu, a kan kwashe wani sashe na shiri gaba ɗaya a sake jerawa. Na gwada, ina kwashe kwalaye barkatai, abin bai motsa ba. Rannan ina tsaye gaban allo ina zana wa Haidar kwantena, ina tambayar kaina, wanne za a kwashe, guda nawa, wanne za a fara mayarwa. Na zana kwalayen da suka rasa wuri a ƙasa, a gefen kwantenar. Na ja da baya na dubi zanen. Sai na ji bakina ya ce, da Hausa, da muryar da ba tawa ba, "A sauke."

Ƙarfe huɗu na yamma ne a wajenmu, tara na safe a Doma, kuma ranar kasuwa ce. Wayar Baba ba ta nuna hoto, sai na yi kiran bidiyo ga Terver, wani Tibi da suka shekara ashirin suna lodi tare. Ya kai masa wayar. Baba yana zaune a benci a gindin bishiya.

"Iliya? Yau ba Juma'a ba. Lafiya?"

Lafiya lau ta zo har bakina, na haɗiye ta. "Ba lafiya ba, Baba. Karatun ya tsaya. In ban gyara ba nan da wata ɗaya za su koro ni."

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai kana ce min lafiya lau. Me ya hana ka faɗa?" Bai jira amsa ba. "To mene ne aikin?"

Na ce masa kaya ne masu girma daban-daban ake so su shiga mota, kullum sai saura ta rage a ƙasa. Na ce ina so ya gaya min, in ya ce a sauke, ina ake saukewa, kuma nawa. Na ji Terver ya tuntsire da dariya. "Oga Iliya, lodi ne ka tafi koyo a jirgin sama? Da ka faɗa, da mun koya maka firi."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan ba a faɗinsa da baki. Terver, riƙe wayar nan da kyau, ka biyo ni."

Akwai wata mota a gabansu, lodinta ya yi nisa. Na ga Baba ya kama ƙarfen gefe yana hawa, yana tsayawa, yana sake hawa. Na ɗauka sabis ne ke yankewa. Da ya kai sama ya miƙe, ya dubi doyar, ya ce, "A sauke." Na ji gunaguni, na ji wata mata tana masifa daga nesa. Ko kallonsu bai yi ba.

Sama da awa biyu yana aiki yana magana, ni ina rubutu. Ya nuna min wani ɗan gurbi tsakanin doya. "Ka ga ramin nan? Laifin ba nasa ba ne, na maƙwabtansa ne. In za ka sauke, ka sauke shi da duk wanda ke jingine da shi, ko da layin ya yi maka kyau a ido. Wanda ke jin tausayin layi mai kyau ba ya cika mota." Da aka zo mayarwa ya hana a miƙo yadda aka sauke. Manya da masu karkata su ne farko, ƙanana su cike tsakani. Wadda ya cire daga kusurwa kuma bai yarda ta koma kusurwar ba. "In ta koma inda take, sauran ma za su koma inda suke. Ka sha wahalar banza ke nan."

Da suka gama zagayen farko, sai na ga saura a ƙasa ta ma fi yadda nake zato. Na ce, "Baba, ai ya fi ɓaci. Ba za a mayar yadda yake ba?"

"Yadda yake ai can muka maƙale. Ka riƙe shi a ka, in lokaci ya ƙure ka koma masa. Amma yanzu gaba za mu yi." Ya share gumi da hularsa. "Kuma ka dubi rana. Da safe rabin mota nake saukewa, ban damu ba. In rana ta take, layi biyu. In direba ya tada inji, doya uku ko huɗu zan taɓa. Kai yanzu ƙarfe nawa ne a aikinka?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to in sani.

Kwana biyar na yi ina mayar da maganar Baba cikin kwamfuta: a nemo gurbi, a kwashe shi da maƙwabtansa, a fara da manya da masu wuyar sha'ani, a hana kwali komawa mazauninsa nan kusa, a ajiye shiri mafi kyau a gefe, a riƙa rage yawan kwasa yayin da lokaci ke tafiya. Ranar da na kunna, lamba ta tashi daga arba'in da uku ta hau da biyar, ta hau da shida. Hannuna ya nufi maɓallin tsayarwa da kansa. Haidar ya kama min wuyan hannu, ya ce abinci za mu je ci, kuma ba zan dawo ba sai ya gama shayi kofi biyu. Ban taɓa ganin mutum mai jan shayi irin na ranar ba. Da muka dawo, arba'in da ɗaya ce a allon. Na zauna a ƙasa a tsakiyar ɗakin, na yi sujada.

Dakta ba ta yi murna da wuri ba. Ta sa na maimaita sau da yawa, a kan wasu jerin kwalayen kuma. A wasu ban kai na gaba ba, a mafi yawa na kamo su, a guda biyu na wuce. Sannan ta ce, "Kwashewa a sake jerawa tsohuwar dabara ce, ba kai ka ƙirƙiro ba, ka rubuta haka. Amma yadda kake zaɓen abin kwashewa, da yadda kake rage shi, wannan a ina ka samo?"

A karon farko na dube ta ba tare da ta ce in dube ta ba. Na gaya mata Baba ɗan lodi ne, doya yake jerawa a mota, kuma da wannan ya biya min makaranta. Ta ce, "Ka ce min sufuri." Na ce kunya nake ji. Ta girgiza kai ta ce, "Wata goma kana da malami biyu, kana ɓoye wa kowanne ɗayan."

Gaban kwamiti, hoton farko da na haska shi ne Baba a saman mota, wanda Terver ya ɗauka. Wani farfesa mai furfura ya yi ta tambaya a kan doyar fiye da kwalayen. Suka ce in ci gaba. Na gama a shekara ta biyu, na je na yi sallama da tsohon masallaci, na bar masa sauran yajin.

Kwana biyu da dawowata Lafiya, bayan na gaji da ɗaukar Falmata tana ƙyuyata, na hau mota zuwa Doma da kundin digirina a jaka. Terver na fara gani a bakin kasuwa. Muka rungume juna, na ce masa har yau ban gode masa yadda ya kamata ba a kan wayar nan.

"Ni ba komai na yi ba," ya ce da Hausarsa ta Tibi. "Baba ka ne. Ba su gaya maka ba?"

"Gaya min me?"

Ya sosa kai. "Kafin ranar nan, Baba ya kusa shekara ɗaya bai hau mota ba. Baya shi ya lalace, likita ya ce kar ya ɗaga ko bokiti. A benci ne yana zauna yana nuna mana da sanda. Kuma mota ɗin nan ya riga ya cika fa, ba saura ko ɗaya, igiya kawai za mu ɗaura. Madam mai doya ya yi faɗa, har yau bai ƙara ba mu lodi ba. Da ka kashe waya, mu huɗu ne muka sauko da shi. Sati uku bai tashi ba. Ya ce duk wanda ya gaya maka, shi da shi har abada."

Na tuna Juma'o'in nan uku. Na kira kowace, ina zuba masa labarin lambobi, na tambaye shi jiki, ya amsa yadda ya saba. Hauwa ma ta sani, ya sa ta yi rantsuwa.

Yana nan a bencinsa, sanda a hannu, yana yi wa wasu samari faɗa a kan layi. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora masa kundin a cinya. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu kamar doya. Na buɗe masa shafin da sunansa yake na karanta masa. Ya ce, "To, madalla. Sun dai ga mota ta cika ko?" Na ce ta cika.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, "Baba, yaya bayan?"

"Lafiya lau."

"Baba."

Ya dubi motar, ya dubi Terver da ya tsaya can nesa yana ƙoƙarin ɓuya a bayan taya, sannan ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba.

"Yana ciwo," ya ce a hankali. "Ko barci ba ya bari na yi."

Na karɓi sandar, na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa, muka miƙe tare. Na ce wa Terver ya tsayar mana da motar Lafiya, asibiti za mu.